Sanƙon da Inna Ta Sani

Tun da aka kafa dokar hana mai sanƙo aiki, mazan Funtuwa suka yi ta dashen gashi, goshin kowa ya zama iri ɗaya kamar an ja da zare. Lurwanu ma ya yi, likita yana ta yabon yadda dashen ya kama.

Inna, mahaifiyarsa, ido ya tafi, kunne ya yi nauyi. Da tafin hannu take gane ɗanta, don sanƙonsa irin na marigayi ubansa ne. Kwana tara ke nan tana kwance, ta ƙi karɓar kunu daga hannunsa, wai baƙo ne.

Da hantsi Lurwanu ya je wurin Sallau wanzami.

"Baba, kwashe shi duka."

"Zan kwashe, ɗana, amma irin wannan ba ya jin aska. Sai ka yi sauri."

Ya hau babur da kai ƙwal. Kafin ya kai zaure ya fara jin ƙaiƙayin tsiro.

Ya durƙusa bakin gadonta. Ta shafa goshinsa sau biyu, sannan ta janye hannu.

"Sannu, bawan Allah," in ji ta. "In ka ga Lurwanu, ka ce masa na gaji da jira."