Kujerar da Ta Zaɓa

Ana shirin fara nazarin Littafi Mai Tsarki, wata mai ɗinki ta sauya kujera, ta yi nesa da ƙaninta. Tun rabon gado ba sa ga maciji.

"Yaya, har a nan ma?" in ji matarsa.

Al'adarsu kowa ya karanta aya ɗaya, bi da bi, ya faɗi fahimtarsa. Mai ɗinkin kuwa tana shigowa ta ƙirga kawuna, ta gane inda ayar sulhu da ɗan'uwa za ta faɗo.

A kanta ta faɗo, kamar yadda ta shirya. Ta karanta.

"Me kika fahimta?" in ji jagoran.

Ta rufe littafin, ta ja kujerarta har gefen ƙaninta.

"Matsa mini, Auta."