Ƙofar da Nasidi Ya Zana

Bayan la'asar Safiyatu ta sallami ɗalibanta, waɗanda take koya wa wasan kwaikwayon ranar saukar karatu a Islamiyyar Kwarbai. Nasidi mai zane kaɗai ya rage, yana warware labulen da za a rataya bayan 'yan wasa.

Tana ɗaga ido ta ga zanen, gabanta ya faɗi. Zauren gidansu ne a jikin labulen, har da tsagewar dakalin mahaifinta.

"Malam Nasidi, me ya kai ka? Ka san Baba ya ce ba zai ba mai zana mutane 'yarsa ba."

"Duba da kyau, Malama, ko tsuntsu babu. Kwana uku na yi a ƙofar gidanku ina zanawa. Mahaifinki da kansa ya fito, ya ce na karkata zanko ɗaya na saman zauren."

Ta sunkuyar da kai. "Sai kuma me ya ce?"

"Ya ce in na gama zana ƙofar, in turo magabatana su shigo ta cikinta."

Ta ja mayafi ta ɓoye murmushinta, ta shafa labulen da yatsa.

"To, ai fentin ya bushe."