Abin da ba shi da wuyan yanka

Shekarar da raƙuminmu ya mutu a hanyar Makka, Inna na ɗauke da cikin ƙanwata Hajara, jirgin ruwa ya ajiye mu a wani ɗan tsibiri na Bahar Maliya, wai sai iska ta gyaru. Ɓerayen wurin, 'yan mitsi-mitsi masu jan gashi, suka huda jakar garinmu suka cinye tas.

Ran kwana na uku da la'asar, Baba ya fito daga ruwa da wasu abubuwa masu ɓawo biyu a rufe, kamar makankari. Inna ta jujjuya ɗaya, ta ce, "Malam, ina wuyan da za a yanka? Ni ba na cin mushe."

"Na teku ba a yanka shi," in ji Baba. Ya nuna min ɓera a gindin dutse. "Uwata, wancan ya ci namu ya tsira. Wannan bai taɓa na kowa ba, bakinsa a rufe, ga shi shi za mu gasa."

Inna ta ƙi, da cikinta da komai. Ni na ci shida, yashi na ƙaras-ƙaras a haƙorana.

Jiya, bayan duk shekarun nan, a unguwar Faisal na ji ƙarnin masu ɓawon nan wajen mai kifi, sai da na nemi wurin zama. Na ci abincin ƙasa huɗu ban roƙi kowa ba, amma wallahi na gaji. Mutanen jirgin nan saura ni, sai Hajara da ta yi yunwar a cikin Inna. Har yau ba ta cin abin teku.