Zogalen Inna

Da la'asar ɗan aiken kotu ya manna takarda a ƙyauren gidan hayarmu na Ƙofar Marke: mu tashi kafin ƙarshen wata. Maƙwabta suka cika tsakar gida suna jaje. Kakata, Inna, ta ɗauki buta ta nufi zogalen da ta dasa bayan madafa, wanda ko gwiwata bai kai ba.

Na ce, "Inna, ai an kore mu. Wa zai ci ganyensa?"

Ta ci gaba da zuba ruwa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tashi. "Mu anka kora, ɗiyata. Shi ba a ba shi takarda ba."

Har yau, duk gidan hayar da zan bari, sai mai motar kaya ya gaji da jira, ina can tsugune da buta.