Haramin da Kakana Yake Shanyawa

Ina ɗan shekara takwas, wata la'asar a gidanmu na Omdurman, kakana yana shanya haraminsa na aikin hajji mai warin kafur. Da ƙafa ya baro Katsina zai je Makka, tsinkar auduga a gonakin Jazira ta riƙe shi a hanya.

Ya ba ni labarin wani bawan Allah da aka jarraba sau uku kafin ya ga Ka'aba.

Na ce, "Kaka, kai faɗuwa ka yi ke nan?"

Moɗa ta suɓuce daga hannun innata. Kakana ya zuba mini ido har na fara laluben ƙofa.

"Ya walad, kai yaro, wa ya ce maka na sauka? A hanya nake."

Da haramin nan aka yi masa sutura. Ni da na tashi zuwa Makka, awa biyu jirgi ya kai ni, ba wanda ya jarraba ni.