Ɗan Tsallen da ke Cikin Talabijin

Na dawo daga ofis na tarar da 'yata gaban talabijin, ta harɗe hannuwa a ƙirji, abin dannawar yana yashe kan kafet. Amma ɗan mutumin cikin wasan sai tsalle yake, yana ɗaga duwatsu da ƙarfin tunani.

"Wa ke tuƙa shi?"

"Ni ce, Abba. Da zuciyata, irin yadda yake yi."

Tun da na sayo wasan nan a kasuwar Wuse hankalina bai kwanta da shi ba. Na leƙa bayan kujera, na ɗaga labule, ba kowa. Sai mahaifiyata a kan sallaya, hannuwanta na motsi cikin hijabi, alamar carbi take ja.

"Hajiya, ki tofa wa yarinyar nan addu'a. Gobe zan kira malam ya yi mata ruƙiyya."

Ko kallona ba ta yi ba. Na sha gaban talabijin zan zare wayar, ɗan mutumin ya faɗa rami.

Hajiya ta ja tsaki, ta zaro ɗaya abin dannawar daga cikin hijabi.

"Kauce, ɗan nan. Ka kashe ni."