Laccar Injiniya

Takardar gayyatar a kan teburin falo Injiniya ya tsince ta, ba ambulan. Layi uku ne kacal: ana roƙon ƙwararre ya zo ya yi wa 'yan ƙungiya bayani a kan lo-rayis, ranar Laraba da ƙarfe goma.

Sai da ya karanta sau huɗu. Shekara biyu ke nan da yin ritayarsa, ko ɗakin kaji ba wanda ya ce ya zana masa. Ashe dai ana tunawa da shi! Bai gaya wa kowa ba, har matarsa da ke can ɗaki keken ɗinki na ta ƙara. So yake sai labari ya iso gida da kansa.

Kwana uku yana shiri. Ai lo-rayis fagensa ne: gajeren bene, hawa biyu zuwa huɗu, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ginawa.

Ranar Laraba zauren taron ya cika, yawanci mata da matasa, wasu da tef ɗin awo a wuya. Abin ya burge shi, ya ce a ransa waɗannan sun san darajar aiki. Mai gabatarwa ta ɗan yi turus da ta gan shi. Ya ɗauka kwarjini ne.

"Lo-rayis," in ji shi, "sirrinsa kada a ɗaga shi sama. A bar shi ƙasa-ƙasa. Ba ya cin kaya, iska na ratsa shi, tsoho ma zai shige shi ba wahala."

Aka yi dariya. Bai san yana da barkwanci haka ba.

Wata ta ɗaga hannu. "Baba, in mai shi ƙato ne fa?"

"Sai a faɗaɗa masa ta baya, 'yata."

"To ba ya zamewa?"

"A hannuna? Shekara talatin ina yi, ko ɗaya bai taɓa faɗuwa ba. Na gwamnati ma ni na yi musu, har yau suna ciki."

Wani saurayi ya ce iyaye na ƙorafin rashin sutura, ana ganin abin da bai kamata ba. Injiniya ya ce wannan ƙaramin abu ne, a sa labule mai kauri.

Har da masu share hawaye. Aka raka shi bakin titi da tafi.

Ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai, ya tarar an birkice falo, matarsa durƙushe tana leƙen ƙarƙashin kujera.

"Baban yara," ta ce, "ba ka ga takardar da ƙungiyarmu ta teloli ta aiko mini ba? Na manta ranar da zan je in koya musu ɗinkin wandon nan na 'yan zamani, wai lo-rayis, mai tsayawa ƙasa da cibiya."